Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban ƙaramar hukumarmu: burukutu daban, goskolo daban

Ranka ya daɗe, Mai girma Ciyaman,

Muna gaishe ka da kyau, kai da iyali da kansilolinka. Allah ya taya ka riƙo. Ina rubuto maka ne a madadin ƙungiyarmu ta mata masu dafa burukutu a wannan yanki namu na Filato, tare da dattawan da ke zama da mu a taron ɗanɗano na ƙarshen kowane wata. Ni ce magatakardar ƙungiyar. Malamar firamare ce ni, kuma da kuɗin burukutun mahaifiyata aka biya mini makaranta tun daga aji ɗaya har na gama kwalejin horon malamai. Sau biyu muka zo ofishinka da takarda a hannu, muka yini a kan benci, aka ce mu dawo. Shi ya sa iyayena mata suka ce in rubuta a fili inda kowa zai gani.

Kafin komai, muna yi wa iyayen samarin da suka rasu ta'aziyya. Yaran nan namu ne. Ɗaya daga cikinsu ni na koya masa karatu a aji uku, kuma uwarsa 'yar ƙungiyarmu ce, mu muka kwana da ita a zaman makoki. Don haka ba mu ga laifinka ba da ranka ya ɓaci ka ce sai an ɗauki mataki. Abin da ya kawo mu shi ne irin matakin: sanarwar da aka bi unguwa-unguwa da ita cewa an rufe duk wani gidan da ake dafa abin sha, an kuma soke izinin taronmu na bayan kaka. Kowa a garin nan ya san abin da yaran suka sha. Goskolo ne, barasar nan mai ƙarfi da ake haɗawa a ɓoye, daga cikin jarka, a bayan tasha. An bar jaki ana dukan taiki.

Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri in ɗan tsaya a kan yadda ake dafa burukutu, domin na lura waɗanda suka rubuta sanarwar sun yi mana kuɗin goro da masu sayar da guba. Dawa ce da ruwa. Ana jiƙa dawar ta kwana, a tsane ta, a baza ta a inuwa a rufe, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana 3 ko 4 ta fito da tsiro. Sai a shanya ta a rana ta bushe ƙarau, a kai inji a niƙo. A dama garin da ruwa a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa na ƙasan, a sake haɗa su a bar su su kwana su yi tsami. Washegari a tace, a mayar kan murhu a yi ta dafawa sa'o'i masu yawa, mace na tsaye a kan wuta tana kwashe kumfa. In ya huce a zuba masa ɗan ragowar na baya don ya tashi, ya sake kwana. Daga ranar da aka jiƙa dawa zuwa ranar da aka ɗiba a ƙwarya, mako guda ne ko fiye. An tafasa shi sau biyu. Ƙarfinsa bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba, wato dai kusan na giyar kwalba, kuma yana da kauri har mai sha ya ƙoshi kafin ya yi nisa. Ba ya ajiyuwa: bayan kwana biyu ya yi tsamin da ba mai saye, shi ya sa ba za ka taɓa ganin an cika mota da shi an kai wani gari ba. Wadda ta dafa tana nan zaune kusa da tukunyarta, kowa ya san sunanta, ya san mijinta, ya san cocin da take zuwa. In wani ya sha ya yi ciwon ciki, ƙofarta za a buga.

Goskolo ba dafa shi ake yi ba, haɗa shi ake yi. Fari ne kamar ruwa, ana zuba shi a robar ruwan sha a sa a aljihu, mai sha bai san abin da aka zuba a ciki ba, sau da yawa mai sayarwar ma bai sani ba. Abin da ma'aikatan lafiya ke tsoro a irin wannan haɗi shi ne sinadarin metanol, wanda kaɗan daga cikinsa yake makantar da mutum, in ya ɗan fi haka ya kashe shi. Ƙasar nan ta ga haka a 2015, lokacin da mutane suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, sannan wasu gommai a jihar Ribas, duk daga barasar gida da ake kira ogogoro, mai metanol a ciki. Hatta hukumar NAFDAC, da ta fara aiwatar da haramcinta a watan Fabrairun 2024, barasa mai ƙarfi ta cikin leda da ƙananan kwalabe ta nufa, domin ita ce mai arha, mai sauƙin ɓoyewa, wadda yaro zai iya shiga da ita aji.

Tsiron dawar da muke yi kuwa, shi manyan kamfanoni suke yi. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje a 1988, kamfanonin giya da na lemon malt suka koma kan dawar manomanmu. Su suna da lasisi da manyan motoci, kayansu na nan jere a shagunan bakin titi, ba wanda ya rufe su. Tsohuwa mai tukunya uku a bayan gida ita aka rufe.

Abu na biyu shi ne asarar da aka riga aka yi. Sanarwar ta zo ba tare da wa'adi ba. Mata da yawa sun riga sun jiƙa dawa, wasu tsironsu na shanye, wasu sun kai ga dafawar ƙarshe. Dawar da ta yi tsiro ba ta komawa buhu, ba ta kuma yin tuwon kirki. Wata 'yar ƙungiyarmu, gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, ta ci bashin rabin buhu a wurin mai hatsi a kan za ta biya ranar kasuwa. Ranar da abin nata ya nuna, ranar 'yan sintiri suka shigo, suka tuntsurar da shi a ƙasa a gaban 'ya'yanta, suka ɗora duro biyu da babbar tukunyarta a mota. Tukunyar ƙasa ce da ta gada daga uwar mijinta, kuma ta fashe tun kafin motar ta bar unguwa. Bashin yana nan a wuyanta. 'Yarta ta biyu tana makarantar da nake koyarwa, kuma tun makon jiya ban gan ta ba, an tura ta tallan gyaɗa.

Ba mu kaɗai muke ci daga tukunyar nan ba. Mai injin niƙa, wanda tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 yake fama, rabin aikinsa tsironmu ne. Akwai matan da ke kawo itace daga ƙauye, da 'yan garuwa, da masu sassaƙa ƙwarya, da masu gasa nama da dafa wake a ƙofar gida ranar da aka sauke. Dusar da ke fita bayan an tace ita ce abincin aladu da awakin unguwa, yanzu masu kiwo sai sun saya a kasuwa. Masu hatsin da muke ciniki da su, da yawansu Musulmi ne, ba sa sha, ba ma kai musu, amma shekara da shekaru muna mutunci, suna ba mu bashi muna biya. Su ma sun zo suna tambaya yaushe za a buɗe. Adashinmu na mako-mako, wanda da shi muke biyan kuɗin jarrabawar yara da kuɗin asibiti, ya tsaya cik, domin ba mai abin zubi.

Na uku ya fi duk sauran tayar mana da hankali. Masu sha ba su daina sha ba. Dattijon da a da yake zuwa da yamma ya zauna a kan kututture cikin sa'o'insa, ya sha ƙwarya ɗaya ko biyu ya koma gida kafin duhu, yanzu ba shi da wurin zuwa. Samarin da a da suke jin nauyin yin wauta a gaban iyayensu mata, yanzu suna can inda ba idon babba. Mai jarka ba shi da murhu, ba shi da hayaƙi, ba ya buƙatar mako guda, 'yan sintiri ba su da abin da za su gani su kama. Tun da aka rufe mu cinikinsa ya ƙaru, muna gani da idonmu a kan hanyar rijiya da sassafe. Muna tsoron kada a sake haƙa wasu kaburbura kafin Kirsimeti.

Sai maganar taronmu da aka soke. Ina jin ba a gaya maka abin da muke yi a ƙungiyar nan ba. Kowace Asabar ta ƙarshen wata mukan taru a gidan wadda juyi ya zo kanta. Mata uku ko huɗu su kawo nasu a ƙananan tuluna ba tare da an faɗi na wace ce ba, dattawa maza da mata su ɗanɗana da ludayi, su faɗi gaskiya: wannan ya yi tsami da yawa, wannan an yi gaggawar sauke shi, wannan dawar ta yi fumfuna tun a rumbu, wannan itacen ɗanye ne har hayaƙi ya kama shi. Ana gardama a kan jar dawa da fara, da masu ƙara gero da masu cewa gero na rage masa jiki. A nan yarinyar da ta fara sana'a take koyon abin da ba a rubuta a ko'ina ba. A nan kuma muke kama mai ha'inci, domin harshen tsohuwar da ta shekara arba'in tana dafawa ba ya ɓata in an zuba wani abu a tukunya. Bayan ɗanɗano sai a yi zubin adashi, a ji wa ke da haihuwa, wa ke da rashin lafiya, wa za a je wa gayya.

Babban taron shi ne na watan Disamba, in an gama yankan dawa. Kowace unguwa takan kawo na sabuwar dawa, a zaɓi wanda ya fi, a ba mai shi zane da sabuwar tukunya. Ana kiɗa, ana rawar gargajiya, ana dafa abinci, ana yin kunun zaƙi da yawa saboda yara da baƙin da ba sa shan mai tsami. Bara da abin da muka tara a ranar muka gyara rufin ɗakin wata tsohuwa da ruwa ya rushe. Bana mun riga mun yi alkawarin sayen katifu biyu don ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitinmu. Wannan ne taron da aka soke da layi ɗaya a ƙasan sanarwa.

Ka fi mu sanin cewa abin nan ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa zuwa bukukuwan gargajiya irin su Nzem Berom, ko Pusdung na Ngas a Pankshin, ko Puus Kaat na Mwaghavul a Mangu, ya san matsayin abin da ake dafawa da hatsi a al'adun mutanen dutse. Da shi ake sallamar 'yan gayya in sun tashi daga gona, da shi ake zuwa gaisuwar surukai a gidaje da yawa, da shi dattawa ke rufe sulhu. 'Yan'uwanmu na arewacin Ghana suna da pito, na arewacin Kamaru da Chadi suna da bili-bili, duk 'ya'yan dawa ne. Mun san akwai masu ƙin sa saboda addini. Fastocinmu da yawa suna wa'azi a kansa, maƙwabtanmu Musulmi addininsu ya haramta musu, kuma muna girmama wannan, shi ya sa dokar ƙungiyarmu ta hana kafa tukunya kusa da masallaci ko coci ko makaranta. Amma wa'azi aikin malamai ne da fastoci. Jiharmu ba ta cikin jihohin da suka haramta sayar da giya, kuma abin da muke nema a wurinka hukunci ne na doka ɗaya ga kowa.

Ba za mu ɓoye maka namu laifin ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai matan da ba sa cikin ƙungiya, da ma wasu na ciki, da suke tsiyaya goskolo a cikin tukunya don a ce nasu ya fi ƙarfi. Mun kori biyu a bana saboda haka. Akwai masu dafawa a duron da aka taɓa zuba sinadari a ciki saboda ya fi arha. Akwai masu wanke ƙwarya goma a ruwa ɗaya, da masu ɗibar ruwan rafi in rijiya ta ƙafe a watan Maris. Akwai magidantan da suke shanye kuɗin cefane, kuma matansu sun zo sun yi kuka a gabanmu. Ni kaina na girma ina ganin wannan a gidan kawuna, ba labari aka ba ni ba. Dokokinmu sun ce ba a sayar wa yaro, ba a aiken yaro saye, ba a ƙara wa wanda ya fara tangaɗi, ana kife ƙwarya in rana ta faɗi. Muna cin tarar wadda ta karya. Sai dai ƙarfinmu bai wuce kan 'yan ƙungiya ba, wadda muka kora tana iya komawa bayan gari ta ci gaba. Nan ne muke buƙatar hukuma, kuma shekaru muna neman a zo a haɗa hannu da mu ba a zo ba.

Abin da aka saba zuwa yi shi ne karɓar kuɗi. Ranar da mace ta sauke tukunya, mutum uku ko huɗu za su zo, kowa da sunan da yake karɓa, wani da rasit, wani babu. Ba mu taɓa ganin takardar da ta faɗi nawa ne kuɗin shekara ba. Duba-gari kuwa, wanda shi ya kamata ya leƙa cikin randa ya ga irin ruwan da muke aiki da shi, ba mu gan shi ba sai ranar da aka zo kwashe kaya.

Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa ba da lasisi da tsara sayar da giya a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Wato maganar nan a hannunka take, ba sai ka jira Jos ko Abuja ba. Saboda haka muke roƙonka, ranka ya daɗe, ka janye wannan rufewa ta bai ɗaya, ka maye gurbinta da rajista. A rubuta sunan kowace mai dafawa da unguwarta, mai unguwa ya sa hannu, a ba ta lasisi ɗaya na shekara da kuɗinsa a rubuce, a biya a wuri ɗaya a karɓi rasit. Wadda ba ta da shi a rufe ta, wadda aka kama tana haɗawa da goskolo a karɓe nata a kai ta kotu, mu za mu fara ba da shaida.

Muna roƙo a mayar wa mata durorinsu da tukwanen da suka rage, a kuma dubi waɗanda aka fasa wa kaya aka zubar musu da abin da suka ci bashi suka dafa. Ko ba a biya duka ba, a rage musu.

A turo mana duba-gari da ma'aikacin lafiya su zo taronmu na ƙarshen wata. Za mu ba su kujera a gaba. Su koya mana yadda za a gane dawar da fumfuna ya lalata, wane irin duro ne bai dace da abinci ba, yaya za a tsabtace ruwa da ƙore. Su riƙa zagayawa ba tare da sanarwa ba, mun yarda. In da hali a haƙa mana rijiyar burtsatse ɗaya a unguwar da masu dafawa suka fi yawa, domin matsalar ruwa ita ce uwar sauran, kuma duk unguwar za ta sha. Masu aikin murhu mai cin itace kaɗan ma muna son a haɗa mu da su, don mun san yawan itacen da tukunyarmu ke ci, mun kuma ga yadda dajin ke ja da baya.

Game da goskolo, a bi jarkar zuwa inda ta fito. Yaron da ke sayar da roba ɗaya a bayan tasha ba shi ne mai kayan ba. Akwai mai kawowa, akwai motar da ke saukewa, akwai ɗakin da ake ajiyewa. Matanmu suna tashi tun asuba, suna ganin abin da ke wucewa. In aka ba su tabbacin ba za a bayyana sunansu ba, za su faɗi abin da suka sani a gaban hakimi da jami'an tsaro.

Daga ƙarshe, a mayar mana da izinin taron Disamba. Mun yarda a sa mana sharaɗi: a fara da rana a tashi kafin magariba, 'yan sintiri su tsaya a ƙofa su hana shigo da kowace irin roba ko kwalba, kada yaro ya kusanci inda tuluna suke. Muna so mu ba uwar yaron nan da ya rasu dama ta yi wa samari magana a ranar, ita ta nema da kanta. Kai ma muna gayyatarka, akwai kunun zaƙi in ba ka shan ɗayan. Sai dai lokaci ya matse, domin duk wadda za ta kawo na sabuwar dawa dole ta jiƙa ta aƙalla mako guda kafin ranar, kuma ba wadda za ta sake jiƙa ko mudu ɗaya ba tare da ta ga takarda daga ofishinka ba. Za mu sake zuwa ranar Litinin da safe, mu biyar tare da shugabarmu, mu zauna a kan bencin nan har ka samu sararin ganinmu.

Allah ya ja zamaninka, ya ba mu zaman lafiya a Filato.

Taka cikin girmamawa,
Magatakardar ƙungiyar mata masu dafa burukutu, a madadin shugaba da dukan 'yan ƙungiya